Me Ya Kamata A Shimfiɗa A Ƙarƙashin Laminet Da Tayil A Sabon Gida?

Wata Hajiya da ke gini a Dogarawa, nan Zariya, ta aiko da tambaya. Gidan ƙasa ne, ɗaki uku da falo. An zuba jaman fulo, wato kankaren da ake zubawa a ƙasan gida duka, a watan Nuwamba, an yi rufi, an gama filasta, yanzu ga shi muna cikin Janairu, kuma tana son a tare kafin ruwa ya sauka. Falo da kicin da banɗakuna tayil take so, ɗakunan kwana kuma laminet, katakon nan na zamani da ake harɗawa ba ƙusa ba gam. Mai shago ya ce ta haɗa da farin soso mai kauri a shimfiɗa a ƙasa, wai zai yi laushi ya kuma hana danshi. Mai aikinta kuma ya ce ba a buƙatar komai, ɓarnar kuɗi ce. Tambayarta ita ce: "Wa zan bi a cikinsu, kuma wace shimfiɗa ce ta fi dacewa?"

Hajiya, Allah ya sanya albarka a ginin, ya sa a tare lafiya. Kada ki bi ko ɗaya daga cikinsu yadda ya faɗa. Farin soson nan shi kaɗai ba ya tare danshi, kuma kaurin da ake yi miki tallarsa illa ne ga laminet. Shi kuma mai aikinki, in ya ɗora katakon a kan siminti tsirara, da wuya aikin ya ga damina biyu lafiya. Na haura shekara 20 ina aikin daɓe da tayil tsakanin Samaru, Sabon Gari, Tudun Wada da cikin birni, kuma mafi yawan gyaran da ake kirana a kai, kayan saman ba su da laifi, abin da aka binne a ƙarƙashinsu ne ya ci amana. Don haka ki yi haƙuri da ni, daga ƙasa zan faro.

Idan kin riski ɗakin kakanni a cikin birni, ki tuna daɓensa. Mata ne ke taruwa a zuba marmara da tsakuwa, a yi ta bugu da madaɓi ana yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi ja ta yi sulɓi. Wannan daɓen yana shan iska. Danshin da ya taso da damina ta cikinsa yake bi ya fice, tabarmar da ke kai kuma ana naɗe ta a kakkaɓe a shanya. Tun da aka fara shimfiɗa ledar ɗaki bango zuwa bango a bar ta shekara ba a ɗaga ba, tun nan aka fara ganin gumi da baƙin fumfuna a ƙarƙashi. Laminet ma murfi ne irin wannan, sai dai ya fi leda tsada kuma ya fi ta rashin haƙuri da ruwa, domin cikinsa garin katako ne aka matse da gam. Mutane da yawa sun ɗauka kankare na hana ruwa hawowa. Ba ya hanawa. Yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, danshi na bin su ya hau kamar yadda kananzir ke bin lagwani.

Danshin da za ki yi fama da shi kashi biyu ne, kuma kowanne da maganinsa. Na farko ruwan ginin kansa. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12, in an zuba masa kankare inci 4, ruwan da aka kwaɓa da shi ya haura duro guda, kuma kusan rabinsa ko fiye sai ya fita ta sama a hankali. Kwana 28 da kike ji magina na faɗa, na ƙarfin kankare ne, ba na bushewarsa ba. Abin da muke lissafi da shi a aiki shi ne wata guda ga kowane inci na kankare, daɓen gyara da za a yi a kai kuma kwana guda ga kowace milimita. Naki jaman fulo wata biyu ke nan, in inci 4 ne rabin hanya kawai ya kai, kuma in aka ƙara masa daɓe na santimita 4, wannan ma yana da nasa kwana 40. Maganin wannan haƙuri ne kawai da buɗe tagogi.

Na biyu shi ne danshin ƙasa, wanda ba ya ƙarewa, kowace damina yana dawowa. A nan ne yanayin garinmu ke yaudarar mutane. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, Agusta kuma shi ne uban tafiya. Yanzu da hunturu iska ta bushe ƙarau, har leɓe na tsagewa, saman siminti ya yi fari fat, ka taɓa ka ji kamar an gasa shi. Mai gida ya gani ya ce ai ya bushe, a zo a shimfiɗa. Sai ruwa ya zauna, ƙasa ta ƙoshi, rijiyar da ake zura guga gaba goma ta dawo gaba biyu, sannan abin da ke ƙasa ya fara nuna halinsa.

Abu na farko da zan so ki bincika, tun kafin ki sake taka shago: shin an shimfiɗa leda mai kauri a kan ciko kafin a zuba jaman fulo? Ki tambayi birkilan da ya yi aikin, ki duba hotunan da aka ɗauka ranar zubi idan akwai, ko ki sa a ɗan tona gefen bakin ƙofa a ga ko bakin ledar ya leƙo. Sannan ki yi gwajin da ba ya cin ko sisi. A yanko leda mai kauri, santimita 50 a 50, a kwantar da ita a kan simintin, a liƙe gefe huɗu da salatif mai ƙarfi yadda iska ba za ta shiga ba. A yi haka a tsakiyar ɗaki, a kusurwa, a gindin bangon da ke kallon waje, da kuma jikin bangon banɗaki. A rufe tagogi a bar ta kwana uku. In an ɗaga an ga raɓa a jikin ledar, ko wurin ya fi kewayensa duhu, to akwai sauran ruwa, kada a ɗora komai. In kuma ba a ga komai ba, a wannan watan hakan bai wanke ɗakin ba, ya dai nuna halin da yake ciki yau. Don sanin halin Agusta, ki leƙa maƙwabta. Gidan da ya shekara uku ko huɗu a layinku, ki dubi gindin katangarsa. Idan fenti na ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, ga wani farin gishiri-gishiri yana fitowa, ƙasar unguwar tana riƙe ruwa. Ki kuma tambayi mai rijiya gaba nawa ruwansa ke hawowa da tsakiyar damina. Wannan bayanin ya fi na mai shago amfani nesa ba kusa ba.

Shekarun baya an kira ni wani gida a gangaren rafin Kubanni. Ɗakin amarya ne, iyayenta suka sa mata laminet a watan Janairu ana saura kwanaki biki, kowa ya shiga sai ya yaba. Ƙarshen Agusta ƙofar ɗakin ta daina buɗuwa sai an sa kafaɗa. Da na shiga, bakin kowane katako ya ɗago ya kumbura kamar littafin da ruwa ya taɓa ya bushe. Na cire katakon gindin bango na ɗaga na farko, wani wari ya bugo ni. Farin soson da aka shimfiɗa ya lotse ya zama kamar takarda a ƙarƙashin ƙafafun gado da bakin ƙofa, duk ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, ga ruwa ƙwaya-ƙwaya a kan simintin. Na murza bayan katakon da yatsa, ya marmashe kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Ta bango ɗaya gara har ta ja layinta. Ba leda a ƙarƙashin kankare, ba leda a ƙarƙashin soso. Mahaifiyar amaryar na tsaye bakin ƙofa tana kallo muna loda katakon a baro, ba ta ce uffan ba, ni ma ban sami abin da zan ce mata ba, domin ko falle ɗaya bai tsira ba. Laminet in ya kumbura ba ya komawa, ko an shanya shi shekara. Ledar da za ta hana wannan duka, kuɗinta bai kai na kwali biyu na katakon ba.

Ga wanda bai zuba jaman fulonsa ba tukuna, tun ran gini tun ran zane. A yi ciko hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a jiƙa a daddanne kafin a ƙara wani. Cikon da aka juye tifa guda aka baje da shebur zai zauna daga baya, daɓe ya tsage, tayil ya bi shi. A zuba maganin gara, a bi da yashi mai laushi kamar santimita 5 don kada dutse ya huda leda, sannan a shimfiɗa leda mai geji 1,000, wato kaurin milimita 0.25, bakin kowace ya hau na 'yar'uwarta da aƙalla santimita 15 a liƙe, a ɗago gefenta har ta haɗu da DPC, wato shimfiɗar hana danshi da ake sawa a gindin bango. A kan wannan ake ɗora ragar ƙarfe a zuba kankare.

Ke kuma da an riga an zuba, in bincike ya nuna ba leda, ba a rasa dabara ba. Ana iya shimfiɗa ledar a kan jaman fulon yanzu a zuba sabon daɓe a kanta, amma dole kaurinsa ya kai santimita 5 tunda ba ya manne da na ƙasa, don haka a auna tsawon ƙofofi tukuna. Ana iya shafa maganin tare danshi mai kama da fenti, irin wanda ake haɗa gwangwani biyu a gauraya, shafi biyu, ya fi tsada amma ba ya cin tsawo. Ko kuma a haƙura da katako a ƙasa gaba ɗaya a sa tayil mai zanen katako. Ko wanne kika zaɓa, ki kula da waje: a yi siminti kewaye da gindin gida mai gangara zuwa waje, ruwan indararo kada ya riƙa zuba a gindin bango, ƙasar tsakar gida kuma ta kasance ƙasa da DPC da aƙalla santimita 15. Ruwan da bai taru a gindin gini ba, ba sai an yi yaƙi da shi a cikin ɗaki ba.

Bayan danshi sai daidaito, kuma a nan ne masu aiki ke ɓuya a bayan soso. Suna son mai kauri ne saboda yana rufe musu tudu da kwarin daɓen da ba su gyara ba, a ranar da za a biya su komai ya yi lumui. Soso ba ya cike kwari, yana dai ɓoye shi na 'yan watanni. Ki samo miƙaƙƙen ƙarfen alminiyon mai mita 2, irin wanda masu filasta ke ja da shi, a kwantar a wurare daban-daban. Ratar da ke ƙarƙashinsa kada ta wuce milimita 3. In tsinken ashana ya wuce sakayau har da sauran fili, wurin na son gyara. Wata dabarar kuma, ki je bayan magariba ki kwantar da tocila a ƙasa ta haska a kwance, duk wani tudu da rami inuwa za ta tona shi. Tudu a goge shi, kwari a cike shi da simintin daidaita daɓe, wanda ake damawa ruwa-ruwa ya malala da kansa.

Daɓen gyaran kansa, buhun siminti ɗaya ya ci kwanon sarki 6 zuwa 8 na yashi mai kaushi marar laka, kada a wuce haka. Buhu ɗaya kwano biyu ne, ki ga ke nan ɗaya bisa uku ko ɗaya bisa huɗu. Kwaɓin kada ya yi ruwa, a damƙa a hannu ya dunƙule ba tare da ya ɗiga ba. A wannan iskar ta hunturu a rufe shi da leda ko jiƙaƙƙun buhuna ana ba shi ruwa kwana 7, in ba haka ba samansa zai ƙone ya riƙa tashi kamar gari, gam ba zai kama shi ba.

To, yanzu ga shimfiɗar laminet ɗin kanta. A kan siminti, ko da akwai leda a ƙarƙashin kankare, ko da gwaji ya nuna a bushe yake, sai an fara da leda. Sabuwa, mai kaurin milimita 0.2, ba baƙar ledar nan shara-shara da yatsa ke hudawa ba, ba buhun siminti ba. Baki ya hau baki da santimita 20 a bi da salatif tun daga farko har ƙarshe, a ɗago ta jikin bango kamar santimita 4 yadda katakon gindin bango zai rufe ta. Ɗaki 12 a 12 murabba'in mita 13 ne, ki sayi kamar 16 saboda hawa da ɗagowa. A share simintin tas kafin a shimfiɗa, tsakuwa ɗaya ta isa ta huda.

A kan ledar ake sa soson, kaurinsa milimita 2 zuwa 3, kuma abin nema a jikinsa tauri ne. Ki matsa shi tsakanin babban yatsa da manuniya da ƙarfinki. In yatsun suka haɗu kamar ba komai a tsakani, kuma wurin ya ƙi dawowa, wannan soson naɗe kaya ne, irin wanda ake kunsa talabijin a kwali, ki ajiye musu abinsu. Mai kyau yana da ƙananan ƙofofi a matse, yana turo yatsa, in kin saki ya cika. In naɗin na da rubutu a jiki, ki nemi haruffan CS, ma'aunin jure nauyi ne, daga 60 zuwa sama ya yi wa laminet. Akwai kuma wanda ake haɗo shi da ledarsa ko fuskar azurfa a jiki, da leɓe mai gam a gefe. Wannan yana iya tsayawa a madadin leda in an rubuta SD, ma'aunin tare danshi, 75 ko fiye, da sharaɗin an liƙe kowace gaɓa, domin gaɓa ɗaya a buɗe ta ɓata sauran. Shi soso baki da baki ake jera shi, ba ya hawa kan ɗan'uwansa kamar leda, in ya hau zai yi tudu.

Dalilin da ya sa nake ƙin mai kauri: abin da ke riƙe katako da katako wani ɗan siririn harshe ne na garin katako, bai fi 'yan milimita ba. In ƙasan na lotsawa, duk taku sai gaɓar ta yi ƙasa ta dawo, sau dubbai, har harshen ya karye kamar yadda waya ke tsinkewa in ana ta lanƙwasa ta. Daga nan sai rata, sai ƙara ƙyas-ƙyas, sai ruwan goge-goge ya sami hanya. Saboda haka kada a ninka soso biyu, kada a sa tsohon kafet, kwali, ko yankan katifa. Akwai shimfiɗa ta roba mai nauyi wadda ta fi kowace kashe ƙarar taku, tana da kyau musamman a bene in mai ita na da hali. Akwai kuma allunan garin katako masu kaurin milimita 5 zuwa 7 da ake amfani da su a ƙasashen sanyi. Su ban yarda a sa su a gidan ƙasa a garin nan ba, abincin gara ne kika shimfiɗa mata a inda ido ba ya kaiwa.

Wani abu da ya shafi lokacin da za ki yi aikin: katako na tsukewa da rani ya buɗe da damina. Wanda aka shimfiɗa da hunturu yana kan mafi ƙanƙantarsa ne, duk motsin da zai yi nan gaba na buɗewa ne. A bar masa cikakkiyar santimita 1 tsakaninsa da bango ta ko'ina, har da gindin ƙofa da kewayen bututu. A kwantar da kwalayen katakon a cikin ɗakin har tsawon kwana biyu kafin a buɗe. Katakon gindin bango a jikin bango ake kafa shi, ba a jikin laminet ba, kuma in za a yi wadirof na gini mai nauyi, a fara kafa shi sannan a shimfiɗa a kewaye, kada ya danne katakon ya hana shi motsi.

In da ni ne zan zaɓa miki, Hajiya, a gidan ƙasa mai yara, inda ake goge ɗaki da ruwa kullum, ga buta, ga banɗaki a cikin ɗaki, da SPC zan ce ki duba maimakon laminet. A ido kusan ɗaya suke, amma cikinsa garin farar ƙasa ne da roba, ruwa ba ya kumbura shi, gara ba ta cin sa. Yawancinsa na zuwa da siririn soso manne a baya, milimita 1 ko ɗaya da rabi. In yana da shi, kada a ƙara wani soso ko kaɗan, leda kawai a ƙasa, domin shi siriri ne, milimita 4 zuwa 6, harshensa ya fi na laminet saurin karyewa, kuma ya fi shi son daɓe mai daidaito. Ledar har yanzu dole ce: shi ba zai ruɓe ba, amma danshin da ya maƙale a ƙarƙashinsa zai yi fumfuna ya cika ɗaki da wari. Duka biyun kuma ba sa shiri da garwashi, a riƙa ɗora kaskon turaren wuta a kan faranti ko falle na tayil.

Tayil kuwa ba ruwansa da soso ko wani abu mai laushi, shimfiɗarsa daɓe ne mai ƙarfi da abin da zai manne shi. Tsohuwar hanyar da aka saba, a baje kwaɓin siminti da yashi a zuba ruwan siminti a ɗora tayil ɗin da aka jiƙa, tana aiki ga tayil mai jan baya wanda ke shan ruwa. Amma manyan nan masu ƙyalli, santimita 60 a 60 zuwa sama, irin da ake kira fosilin, ruwan da suke sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, siminti zalla ba ya samun abin kamawa a bayansu. Su gam ɗin tayil na buhu suke so, a ja shi da cokali mai haƙora kamar milimita 10, a kuma shafa siriri a bayan tayil ɗin. Ki tsaya a kansu ranar farko ki ce a ɗaga miki guda ɗaya da aka ɗora yanzu. In kin ga gam ya kama bayan kusan duka, madalla. In kin ga curi biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, ki tsayar da aikin nan take. Wannan shi ne tayil ɗin da ke ƙara kamar ganga in an ƙwanƙwasa, ƙafar kujera ta fasa shi.

Mutane na son a haɗe tayil baki da baki ba rata, wai ya fi kyau. Kyan ɗan maciji ke nan. Sabon kankare yana ci gaba da tsukewa watanni, tayil kuma na motsi da zafi da sanyi, ga daren Janairu da kan sauko ƙasa da digiri 15, ga ranar Afrilu da ke haura 35. In ba inda zai numfasa, wata rana da tsakar dare za a ji ƙara kamar harbi, a fito a tarar tsakiyar falo ta tashi ta yi tozo. Na sha zuwa gidajen da hakan ta faru, har wasu na zargin abin da ba shi ba ne. A bar rata milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil, a bar kamar milimita 6 a gindin bango ba tare da an cike ta da siminti ba, tayil ɗin gindin bango zai rufe ta. Falo mai tsawo a yanka masa gaɓa mai laushi duk mita 6 zuwa 8, baranda da rana ke duka kuwa duk mita 3. Game da danshi, tayil ya fi kowa haƙuri, amma in ƙasa na da ruwa za ki ga farin gishiri na fitowa ta layukan, danshin kuma ya karkata ya hau bango ya ɓare fenti.

Banɗaki shi ne maƙwabcin da ke kashe laminet, don haka a ba shi haƙƙinsa. Ƙasansa ta fi ta ɗaki zurfi da santimita 2 zuwa 3, da gangara zuwa magudana kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Kafin tayil a shafa maganin hana ruwa shafi biyu, na biyu ya gitta na farko, ya hau bango santimita 30, wurin wanka kuma ya kai mita 1.8, a kula sosai da kusurwoyi da kewayen bututu. Sannan a toshe magudana a tara ruwa a bar shi kwana guda cur, a zagaya ta ɗakin kwana a duba gindin bangon. Tayil da abin cike layi ba sa hana ruwa wucewa, wannan shafin ne ke hanawa.

In akwai ɗakin da za a sa wa kafet, kamar na Hajiya babba da sanyin tayil ke damun gwiwarta, shi kaɗai ne ke son soso mai kauri, milimita 8 zuwa 10, irin mai nauyin nan da aka matse gutsattsari kala-kala, kuma a kan busasshen daɓe kawai. Ledar ɗaki kuma daɓe mai sulɓi take so ba komai a tsakani, kada a ɗora ta a kan baƙar roba ko shimfiɗar kwalta, suna rina ta rawaya daga ƙasa, ba ya kuma fita.

Tunda kina son tarewa kafin damina, ga yadda zan tsara miki in aikin a hannuna yake. A yi daɓen gyara na gidan duka yanzu, a ba shi ruwansa na mako guda, a bar shi ya sha iskar Fabrairu da zafin Maris. Cikin Maris a shiga banɗakuna da kicin da falo da tayil. Ɗakunan kwana kuma, in an tabbatar akwai leda a ƙarƙashin kankare kuma gwajin Afrilu ya fito a bushe, a shimfiɗa. In babu leda, ko maƙwabta sun nuna miki unguwar na da ruwa, ki tare a haka, ki sa tabarma ko darduma da za a iya naɗewa, ki bar ɗakunan su ga Agusta ɗaya. A tsakiyar watan ki sake liƙa ledar gwajin a wuraren nan huɗu, ki ɗauki hoton abin da ya fito bayan kwana uku ki aiko mini, tare da hoton bayan katakon da kike son saye, sai mu san ko leda da soso sun isa ko sai an yi shafin tare danshi tukuna.